Mu Tanadi Kuɗin Asibitin Yara Tun Ciwo Bai Zo Ba



A cikin Bisharar Waliyyi Markus, sura 5, an ba mu labarin Yayirus, shugaban majami'a, wanda 'yarsa mai shekara 12 take kwance a bakin mutuwa. Ya zo ya faɗi a gaban Yesu yana roƙo. Suna kan hanya sai ga wata mace da ta yi shekara 12 tana zubar da jini, ta sha wahala a hannun masu magani da yawa, ta kashe duk abin da ta mallaka, ciwon kuwa sai gaba yake yi. Yesu bai gama magana da ita ba, aka aiko daga gida cewa yarinyar ta cika. Ubangijinmu ya warkar da matar, ya kuma tashi yarinyar. Amma ku lura da baƙin ciki iri biyu da mai bishara ya haɗa a wuri ɗaya: ciwon da ya cinye dukiya, da lokacin da ya ƙure kafin taimako ya iso.

A gidajenmu waɗannan biyun sukan kwana ɗaki ɗaya. Zazzaɓi ya kama yaro daren Litinin, ana tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa. Uwa ta san hanyar asibiti sarai. Maigida kuwa yana zaune yana lissafi: kuɗin mashin, kuɗin kati, gwajin jini, allura, ƙarin ruwa. Sai a ce a bari a ga gobe, a sayo ƙwaya biyu a kemis. Ran Alhamis yaro ya fara jijjiga, jininsa ya ƙare. A ranar ne za a kai akuya kasuwa a sayar da ita a wulaƙance, ko a jinginar da gona, a biya ninkin abin da aka guje wa ran Litinin. Wani lokaci ma a biya, a kuma dawo da gawa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar ba. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu suna cikin manyan masu ɗauke su, alhali dukansu suna da magani mai sauƙi in an zo da wuri. Ban ga laifin uban da ba shi da ko kwabo ba. Laifin yana ga tsarin da ya sa sai ya nemo kuɗi a ranar da ya fi kowace rana rashinsu.

Domin a gyara wannan ne aka kawo inshorar lafiya. Ma'anarta ba wuya: jama'a da yawa su riƙa zuba kaɗan kaɗan a asusu ɗaya suna da lafiya, gwamnati ta zuba wa waɗanda ba su iyawa, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Shirin NHIS ya fara aiki a 2005, amma yawanci ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka ci moriyarsa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. A 2022 aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa ƙarfi, har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin, kamar KADCHMA a Kaduna da PLASCHEMA a Filato.

Na san abin da wasu suke faɗa a zaure: wai biyan kuɗin ciwo tun ana lafiya kiran ciwo ne, ko kuwa rashin dogara ga Allah. Ku koma Luka, sura 10. Basamariyen nan bai tsaya ga ɗaure raunuka kaɗai ba. Ya bar dinari biyu a hannun mai masauƙi domin jinyar da ba a riga an yi ba, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da zai ƙaru. Yesu kuwa shi ya nuna mana a matsayin maƙwabci na gaskiya. Wanda ya zuba kuɗinsa shekara ta ƙare ɗansa bai yi ko mura ba, bai yi asara ba: ya gode wa Allah, kuɗinsa sun yi jinyar ɗan wani da bai taɓa gani ba. Iyayenmu mata da suke adashi sun riga mu gane wannan.

Ga masu mulki kuma akwai magana. A wasiƙarsa ta Pacem in Terris, a 1963, Paparoma Yohanna na 23 ya lissafa samun magani cikin haƙƙoƙin kowane ɗan Adam. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, iyaye suka yi ta kawo yara, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar da yawa ba magani a kan kanta. Kati a hannun uwa, ɗakin magani kuwa wayam, yaudara ce, kuma Allah zai tambaya.

Saboda haka ina roƙon katikis na kowace majami'a, tare da shugabannin Zumuntar Mata Katolika, su rubuta sunayen yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suke cikinsu, a fara da marayu da 'ya'yan gwauraye. A zaɓi mutum biyu masu karatu su je asibitin shan magani na gunduma, su tambayi yadda ake rajista, da takardun da ake bukata, da cututtukan da katin ya ɗauka, su dawo su bayyana wa jama'a bayan Misa. Kada a tsallake yaran maƙwabtanmu Musulmi in iyayensu suna so a rubuta su.