Akushin Baƙunta: Santi Ko Amana?

Duk uwar da ɗanta zai tafi karatu ƙasar waje daga Kankiya ko Kusada, ba ta barin sa ya kama hanya sai ta cusa masa kuka da daddawa da yaji a jaka. A zahiri guzuri ne, amma a baɗini tsoro ne: kada harshen yaro ya saba da girkin wasu, zuciyarsa ta bi baya. Tambayarmu a nan ita ce, shin ɗalibin da ya yi santin abincin wata ƙasa ya ci amanar gida?

Mu dai a ganinmu bai ci ba. Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, kuma ba tuwon gidansu ya ci a can ba. Hasali ma ɗalibanmu da suka zauna a Khartoum sun tarar cewa kisra da asida daga dawa ake yin su, irin wadda muke nomawa a gonakinmu. Ashe ƙwarya ce ta bambanta, hatsin ɗaya ne. Wanda ya kulle kansa a ɗaki da garin kuka har shekara shida zai iya dawowa da takardar shaida, amma bai karanci mutane ba.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Abinci ba daɗin baki kawai ba ne. Wanda ka sa hannu a akushinsa yana da haƙƙi a kanka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, an kwaso 'ya'yanmu ta Masar da Port Sudan, muka yi hamdala. Waɗanda suka ciyar da su fa? A watan Agusta na 2024 aka tabbatar da fari na yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur. Mu nawa ne muka tuna da su, ko da a addu'a?

Saboda haka laifin ba a santi yake ba. Laifi biyu ne: ɗalibi ya dawo yana yatsina fuska ga dambun mahaifiyarsa, ko kuwa ya manta da hannun da ya miƙa masa gurasa ranar da ba shi da kowa. Na farko raini ne, na biyu butulci. Mu koya wa ɗalibanmu su guje wa duka biyun tun kafin su hau jirgi.