Kada Ɗan'uwa Ya Yanke Magani

Tun 1996 Allah ya buɗe wa likitoci hanyar danne ƙwayar cutar ƙanjamau. Amma maganin na kullum ne, har iyakar rai. Wasunmu, da zarar jiki ya dawo, ko wani mai wa'azi ya ce sun warke, sai su daina zuwa asibiti. Daga nan ƙwayar ta sake yawaita, wani lokaci ta daina jin maganin. Littafin Sirak, sura 38, ya koya mana girmama likita. Wasu kuwa bakin mutane suke tsoro, har da bakinmu masu zuwa Misa. Wanda ya amince mana da halinsa, mu rufa masa asiri, mu tuna masa ranar karɓar magani, mu raka shi. In kuɗin mota ya gagara, mu haɗa masa.