Haƙuri ko Sakaci? Tambaya a Kan Yaron da Ba Ya Girma

Akwai wata magana da muka saba ji a Agiye da Gazawa har Gidan Runji, idan aka ga yaro mai faffaɗar fuska da jiki a sake, wanda sa'o'insa suka fara gudu shi yana zaune. Sai a ce, "Haka Allah Ya yi shi." Gaskiya ne. Amma shin duk abin da ke damun yaron nan yana cikin wannan "haka"?

Lalurar tana ɗauke da sunan likitan Ingila John Langdon Down, wanda ya siffanta ta a 1866. A 1959 aka gano a Faransa cewa ƙwayar gado ta 21 ce ke zuwa uku maimakon biyu. Ba aikin iskoki ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma babu maganin da ke cire ta. Nan ne muhallin haƙuri.

To, amma akwai ciwo na biyu da ke laɓewa bayan na farko. A gaban wuya akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tayirod, wanda ke kumbura idan mutum ya yi maƙoƙo. Shi ke fitar da sinadarin da ƙashi da ƙwaƙwalwa ke bukata don girma. Irin waɗannan yara sun fi sauran yara samun rauninsa, wasu tun haihuwa, wasu daga baya. Alamunsa su ne yawan barci, kasala, taurin bayan gida, bushewar fata da tsayawar tsayi, wato ainihin abubuwan da muke ɗora wa halittar yaron. Gishiri mai aidin ma ba ya isa a nan, domin sau da yawa garkuwar jikin ce da kanta ke faɗa wa naman. Awon jini ke nuna shi, ƙwaya guda a kullum ke maye abin da ya gaza.

A ganinmu, haƙuri kan abin da ba ya canzuwa ibada ne. Amma yin shiru kan abin da ke da magani, a jikin wanda ba ya iya kai ƙara, wasa da amana ne, ko da mun lulluɓe shi da sunan tawakkali. Abin kunya, idan saniya ta rame ba ma jinkirin neman malamin dabbobi.

Wani zai ce talauci ne, kuma yana da hujja: sau da yawa awon sai an je Maraɗi, ga kuɗin mota, ga rumbu ya yi ƙasa. Allah bai ɗora wa uba abin da ba ya iyawa ba. Sai dai nauyin ba ya faɗuwa, yana komawa kan dangi da maƙwabta da jama'ar masallaci. Kuma lokaci na tafiya, domin abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a shekarun farko da wuya ya dawo. Shi ya sa likitocin yara ke ba da shawarar a yi awon bayan haihuwa, a sake a wata 6 da wata 12, sannan kowace shekara.