Guzuri da Tsaraba

Ranar da wani yayana, ɗan wan mahaifina, zai tashi zuwa ƙasar waje karatun likita, gidanmu ya cika tun da hantsi. Gwamnatin jiharmu ce ta ɗauki nauyinsa, amma duk wanda ya ga zirga-zirgar mutane a ƙofar gidan sai ya zaci unguwar ce ta yi karo-karo ta tura shi. Wannan ya kawo yaji, waccan ta kawo kuka da busasshiyar kuɓewa, liman ya yi addu'a a zaure. Can wajen azahar sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda duk yaran unguwa ke kira Iya. Ta kwance bakin zanenta, ta zaro naira ɗari biyu duk ta yamutse, ta danƙa masa, ta ce, "Ungo, ɗan nan, ka sha ruwa a hanya. In ka zama likita ka yo mana tsaraba." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya zama likita, yana aiki a wani asibiti a Ingila. Ya rushe ginin ƙasa na mahaifinsa ya yi na siminti, ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka, yana kuma biyan kuɗin makarantar ƙannensa, har da ni mai wannan rubutu. A cikin danginmu ba mai iya kiransa butulu. Amma asibitin da Iya ke zuwa idan ciwon ƙafarta ya tashi, har gobe tun asuba ake kama layi don ganin likita guda. Tambayar da ta hana ni sakat ita ce: wanda ya tafi neman ilimi da dukiyar jama'a, ya samu, ya yi zamansa a can, akwai haƙƙin wani a wuyansa? Idan akwai, na wane ne, kuma da me ake sauke shi?

Bahaushe ya bambanta bashi da tsaraba. Bashi yana da shaidu, yana da ranar biya, ana kai ƙara gaban alƙali a kansa. Tsaraba kuwa ba a taɓa kai kowa kotu a kanta ba. Duk da haka matafiyin da aka yi wa guzuri, ya dawo hannu rabbana, shi da kansa yakan sunkuyar da kai in zai wuce ƙofar waɗanda suka sallame shi. Mai ba da guzuri bai ce ranta ya yi ba, amma da shi da matafiyin duk sun san an ƙulla wani abu a tsakaninsu. A ganina karatun ƙasar waje ya fi kama da wannan ƙulli, kuma shi ya sa hukuncinsa ya fi ƙarfin takardar yarjejeniya.

Tafiyar kanta ba ta da laifi, domin tun fil azal tafiya mabuɗin ilimi ce a ƙasar Hausa. Malamai biyu na ƙarni na 18 sun isa misali. Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar Katsina ya nufi aikin Hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira yana rubutu da koyarwa. A can ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma a hannun mai masaukin nasa ya bar littattafansa. Shi kuwa Malam Jibrilu ɗan Umar ya je Makka, ya zauna da malaman Masar, sannan ya juyo gida, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi suka durƙusa a gabansa suka ɗauki karatu. Dukansu biyu abin alfahari ne. Amma in aka dubi abin da ya iso gida, Kashinawi suna ya bar wa Katsina, Jibrilu kuwa ɗalibai ya bar wa ƙasar Hausa, ɗaliban da suka sauya tarihinta baki ɗaya.

A zamanin boko ma haka aka gani. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Shekara guda kacal kowannensu ya yi. Malam Aminu ya dawo ya koma aji, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Abin da ya fi daraja cikin tsarabarsa ba ya cikin takardar shaida. Ya ga ƙasar da ɗan ƙwadago ke jefa ƙuri'a ya sauke gwamnati, ya dawo yana tambayar me zai hana talakan Kano ɗaga kai. Sau da yawa nakan yi tunanin cewa filin jirgin saman da ɗalibanmu ke tashi daga cikinsa a Kano sunan wannan mutumin yake ɗauke da shi, mutumin da ya je kuma ya dawo.

To, kuɗin wa ke kai ɗalibi waje? Mukan ce "gwamnati ta ɗauki nauyinsa", sai ka ce gwamnati wata attajira ce mai kyauta daga aljihunta. Gaskiyar ita ce baitulmali na kowa ne. Abin da aka kashe wa ɗalibi ɗaya a Turai ko Indiya ko Masar ya isa a rufe azuzuwa da yawa da iska ta yaye wa kwano, ko a haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da ke shan ruwa ɗaya da dabbobi. Ba a yi hakan ba, aka zaɓi a tura mutum guda, bisa zaton cewa amfaninsa zai komo kan waɗanda aka hana. Ke nan naira ɗari biyun Iya ita ce mafi ƙanƙanta cikin abin da ta bayar. Babban guzurinta shi ne rabonta na baitulmali, wanda aka ɗauka ba tare da an tambaye ta ba. Saboda haka kyautata wa iyaye, duk da girmansa, bai sauke wannan nauyi ba. Haƙƙin iyaye daban, na Iya daban. Wanda ya karɓi guzuri daga gari duka, ya sauke tsarabarsa a gida ɗaya, rijiya ce ta bayar guga ya hana. Kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wata rana na faɗa wa yayan nawa wani abu mai kama da wannan a waya, cikin ladabi gwargwadon iyawata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, ka taɓa tsayawa a kan mara lafiya, ka san abin da ke damunsa, ka san maganinsa, ya cika a hannunka saboda babu iskar shaƙa a asibiti?" Ya tuna mini cewa ya dawo bayan ya gama, ya yi wata tara yana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis kafin ya sami gurbin aiki, ya kuma yi shekara biyu yana tiyata da hasken wayar hannu idan an ɗauke wuta. Ban sami abin cewa ba.

Rashin adalci ne a yi watsi da wannan hujja. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas suna yajin aiki, ɗalibai na zaune a gida. Dalar Amurka da ake canzarwa kusan naira 460 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, albashin malamin jami'a da na likita suka narke a hannunsu. Wanda aka koya wa bincike a ɗakin gwaji na zamani, aka dawo da shi inda babu wuta babu sinadarai, tamkar an ba manomi iri ne aka hana shi gona. Guzuri yana ɗora nauyi a kan matafiyi, amma yana ɗora wani a kan mai tura shi: ya share masa wurin sauke kaya. Al'ummar da ta tura 'ya'yanta su koyo sana'a, ba ta tanadi inda za su yi ta ba, ita ce ta fara saɓa alkawari.

Wannan ne ya sa ban gamsu da maganin tilas ba. A watan Afrilun 2023 wani ƙuduri ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, yana neman a hana likitocin da aka horar a Najeriya cikakken lasisi sai sun yi aikin shekara biyar a gida, likitoci kuwa suka yi masa ca. Ana iya tsare ƙafar mutum, amma likitan da ke duba marasa lafiya yana ƙirga kwanakin da suka rage masa, rabinsa kawai ke cikin asibitin. Sharaɗin da aka gindaya tun kafin tafiya kuwa, wannan wata magana ce. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa yana wajabta wa ɗalibi ya koma ƙasarsa ya yi aƙalla shekara biyu. Wanda ya karanta irin wannan sharaɗi, ya sa hannu da saninsa, sannan ya sulale, ba shi da mafaka a cikin lalacewar asibitoci. Alkawari kaya ne, kuma laifin mai tura ka ba ya wanke naka.

Sai dai kada a ɗauka duk wanda ya sauka a filin jirgi ya biya. Mun san waɗanda suka dawo da digiri uku da sabon karin harshe, suka shige ofis mai sanyi, aikinsu ya zama kwatanta komai da "can". Ba su horar da kowa ba, ba su rubuta ko shafi guda da harshen da Iya za ta gane ba, wasu ma ilimin nasu ya zama tsanin hawa kan dukiyar da ta yi musu guzuri. Irin waɗannan jikinsu ne ya dawo. A ɗaya gefen akwai wanda ke zaune a Jidda ko Manchesta, yana duba rubutun ɗaliban jami'ar garinsu ta intanet, yana zuwa duk shekara ya yi wa talakawa aikin ido kyauta, yana buɗe wa na baya ƙofa. Tsakanin mutanen nan biyu, na san wanda tsarabarsa ta iso.

Matsayina ke nan. Haƙƙin yana nan, kuma na waɗanda aka ɗauki rabonsu ne, ko gwamnati ta cika nata alkawari ko ba ta cika ba. Asalin hanyar sauke shi ita ce komowa, domin akwai abin da ba ya aikuwa daga nesa: ba a cire wa mace jariri ta waya, ba a kuma gyara ma'aikata da saƙon kuɗi. Wanda larura ta gaskiya ta hana shi komowa yana da uzuri, amma uzuri jinkiri yake bayarwa, ba ya yafe nauyi. Wajibinsa ne ya nemi hanyar da iliminsa, ba kuɗinsa kaɗai ba, zai isa ga waɗanda ba danginsa ba. Ya kuma tuna cewa lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukren a 2022, da Sudan a 2023, ɗalibanmu da suka maƙale a kan iyakoki gida suka kira, kuma daga gida aka tura jirage.

Bara da babbar salla yayana ya zo. Ya shiga gaida Iya, ya ajiye mata ambulan mai kauri. Ta yi godiya, ta tura shi ƙarƙashin tabarma ko buɗewa ba ta yi ba, sannan ta miƙo ƙafarta da ta kumbura ta ce, "To likita, ga tsarabar da nake jira." Ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a kan daɓe yana dannawa yana tambaya. Kafin la'asar labari ya zaga, mata da tsofaffi suka yi layi a soron gidan har bayan isha'i. Kwana goma ya yi ya koma. Ba zan ce yini ɗaya ya biya shekara goma sha ɗaya ba, shi ma bai ce haka ba. Amma da na raka shi filin jirgi bai yi mini hirar Ingila ba kamar yadda ya saba. Tambayata yake ta yi ko asibitin unguwarmu na karɓar likitocin sa-kai.

Ni ma yanzu takardar neman tallafin karatu a waje tana gabana. Na cike ko'ina, saura layin da ke tambayar abin da zan yi bayan na gama. Na san amsar da masu tantancewa ke son ji, kuma rubuta ta ba wuya. Kwana uku ke nan ina ɗaga alƙalami ina ajiyewa, domin na san ranar tafiya Iya za ta zo, ta kwance bakin zanenta.