Wa Ya Bar wa Shamuwa Bishiya?

A watannin Yuli da Agusta, idan ɗumi ya sauka a ƙasashen sanyi, magidanci a Amurka ko Kanada yakan loda tanti da tukwane da iyalinsa a mota ya nufi gandun daji. Suna da wuraren da aka keɓe don haka tun da daɗewa: Yellowstone tun 1872, Algonquin tun 1893. Su kwana a fili, su yini suna tafiya a ƙasa, su tsaya daga nesa suna kallon ɓauna da kyarkeci, yara na rubuta sunayen tsuntsayen da suka gani.

Watannin nan su ne na dogon hutun makaranta a wurinmu. Amma je ka Ɗambatta ko Bichi ko Makoɗa ko Kunci cikin Agusta, ka ce wa manomi za ka kwashi mata da yara ku je daji ku kwana don nishaɗi. Abin da zai fara tambayarka shi ne, "Lafiya kuwa, Malam?" A wurinsa daji ba a shiga sai da dalili: itace, kiwo, farauta, ko saiwar magani. Kuma ko da ya so, ina dajin? Daga bakin birnin Kano har ka doshi Kazaure, gona ce ke bin gona. Inda ta wane ta ƙare, nan ta wane ta fara.

Gandun da ya fi kusa shi ne Falgore, can kudancin jihar wajen Tudun Wada da Doguwa, tafiyar kilomita ɗari da wani abu daga birni. Sai Yankari a Bauci, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, mai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki. Wanda Allah ya hore wa ya kai yaransa, domin ganin giwa ido da ido ba ya da madadi. Sai dai ya sani hutun damina ba lokacinsa ba ne. Ciyawa ta fi mutum tsayi, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi sun bazu. Da rani ne suke taruwa a bakin kogin Gaji, lokacin kuwa yara suna aji. Abin da ya rage wa yawancin iyalai shi ne Gidan Zu na Kano, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, inda ake cincirindo da Sallah a leƙa zaki yana barci a keji.

To amma lokacin da gandun gwamnati ya fi wuyar kallo, shi ne lokacin da gona ta fi cika da rai, kuma yaron ƙauye yana ratsa ta kullum ba tare da kowa ya kira abin yawon buɗe ido ba. A ƙasar da babu saura, da zarar an yi shuka sai a ɗaure tumaki da awaki a turke, a riƙa kawo musu abinci har gida. Aikin yara ne. Da sassafe za ka gan su da lauje da buhu, sun bi burtali, tsakanin shingen aguwa da na bini-da-zugu, suna neman ciyawa a gefen hanya da kan iyakar gonaki inda aka bar gamba don yin zana. Tafiya ce mai nisa, cikin raɓa, kuma wanda yake kai da ƙasa yana yanka yakan ga abin da mai tafiya a mota ba zai taɓa gani ba. Bushiya ta dunƙule a gindin shinge. Kurege ya tsaya da ƙafa biyu yana auna nisanka da raminsa. Makwarwa ta tashi fir daga cikin gyaɗa har gabanka ya faɗi. Damo ya fito bayan ruwa ya ɗauke. Hawainiya na taka reshe a hankali. Idan gero ya fara ƙosawa, aiki ya koma tsaron tsuntsaye, da gwangwani da majajjawa, ladan kuwa tumu. Waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Tomas ko ta Watari suna da ƙari: zalɓe a tsaye cikin ruwa, da garken kirinjijiya masu fito da yamma.

Ɗan birnin da aka aiko hutu wurin kakanni shi ne abin tausayi a makon farko. Ya san raƙumin dawa da damisa daga talabijin, amma bai san hasbiya da kurciya ba ɗaya ba ne. Kakan ya samu abin tsokana: "Kai ɗan boko, wancan mai kukan fa, wane ne?" Jikan ya ce tsuntsu ne. Tsoho ya ce, "Madalla, ashe kuɗin makaranta bai tafi a banza ba." Daga wasan ne karatun ke shiga. Kafin hutu ya ƙare ya san cilakowa da tashinta na sama da ƙasa, ya san macen takan shige kogon bishiya a toshe ƙofar, a bar 'yar kafa da namijin zai riƙa miƙa mata abinci, kamar mai jego da aka killace a ɗaki.

Babbar baƙuwar damina ita ce shamuwa. Baƙa ce, cikinta fari, doguwar ƙafa, ba ta da wata murya ta a zo a gani. Tana isowa kafin ruwan fari, shi ya sa tsofaffi ke cewa idan ka gan ta ka gyara iri da sungumi. Abin da yawancinmu ba mu kula da shi ba shi ne nisan inda ta fito. Idan ta bar mu wajen kaka, ƙetare tsakiyar duniya take yi ta gangara ƙasashen kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, ta ci daminarsu, sannan ta juyo. Tsuntsuwar da ta ratsa dazuzzuka masu yawa a hanya, da ta tashi yin sheƙa ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Sai ta zo tsakiyar gari, kan tsamiyar ƙofar gida ko kukar bayan masallaci, ta tara ƙirare a saman kan mutane. Kashinta na ɓata inuwa, 'ya'yanta na damun masu hutun rana. Duk da haka yaron da ya ɗaga danƙo ya auna ta, kafin dutsen ya tashi wani babba ya daka masa tsawa. Babu doka a rubuce, babu ma'aikacin gandun daji. Ita kuma tana biyan kuɗin masauki da fara da tsutsar da take tsincewa a gona.

Nan abin lurar yake. Duk abin da yaron nan ya gani a hanyar ciyawa, wani ne ya bar masa wurin zama. Bushiya na nan don mai gona bai tumɓuke shingensa ba. Cilakowa na nan don an bar tsohuwar bishiya ta tsufa har ta yi kogo. Bishiyoyin da ke tsaye cikin gonakin Kano, ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da gawo, ba ragowar daji ba ne da gatari ya manta. Kowace da mai ita, kuma ya san abin da take ba shi: kalwa ta daddawa, kuka ta miya, tsamiya ta kunu. Gawo ma ya fi su dabara, domin da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya zubo wa dabbobi 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Bature Heinrich Barth, da ya shigo Kano daga Katsina a 1851, ya yaba yadda ƙasar take a nome da manyan bishiyoyi jefi-jefi. Ashe tun a wancan zamani aikin hannu ne yake kallo.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960. Ya tarar ana nome fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinta da takin turke da sharar birni da jakuna ke kawowa a mangala. A lokacin, masana da yawa sun ɗauka cewa yawan jama'a da buƙatar itacen girki za su share bishiyoyin kewayen Kano. Binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 ya nuna ba haka abin yake ba. Bishiyoyin gonaki suna nan, manoma suna sassabe reshe su bar uwa. Itacen da birni ke ƙonawa kuwa, manyan motoci ne ke ɗauko mafi yawansa daga dazuzzuka masu nisa, inda babu wanda zai fito ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Falgore kanta shaida ce. An keɓe ta tun zamanin Turawa, tana da doka da iyaka da ma'aikata, amma masu sare itace da mafarauta ba su bar ta ba, daga baya ɓarayin shanu suka mayar da ita maɓoya har sai da aka kai sojoji. Mu ne dai muke cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. A Maradi an ga ɗaya fuskar. A da, muddin manomi na ganin bishiyar gonarsa ta hukuma ce, kuma za a ci shi tara in ya taɓa ta, tumɓuke tohon yake yi tun yana ƙarami don ya huta. Daga shekarun 1980, da aka fara ƙarfafa wa manoma su bar tohon kututture ya girma, kuma suka tabbata amfanin nasu ne, sai bishiyoyi suka dawo a miliyoyin kadada tsakanin Maradi da Damagaram, akasari ba tare da an dasa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa gona za ta maye gurbin gandun daji. Giwa ba za ta zauna a kadada biyu ba, kuma manomi ba waliyyi ba ne. Abin da ya bari, ya bari ne don yana da amfani ko don ba ya cutarwa. Jan-baki da ke sauka kan gero abokin gaba ne, kurege mai tone gyaɗa haka, zomo da gafiya kuwa nama ne idan rani ya yi aka fito da karnuka. Kura da barewa sun daɗe da barin wannan yanki, sai a tatsuniya da bakin tsofaffi. Gauraka, mai tukku kamar na sarauta, yau da wuya ka sami matashin da ya taɓa ganinta a fadama. Wadda ta fi ba ni takaici ita ce ungulu. Ba ta ci wa kowa hatsi ba, aikinta share mushe, kuma da can ba a rasa ta a kan rimi da mahauta. Ba ta da mai tsawatarwa irin na shamuwa, ga masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu, ga guba da ake sa wa mushe. A 2015 aka sa irin wadda muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Kasuwannin ƙauye na ci har yau, mahauta na fiɗa, sama kuwa sai shirwa da hankaka.

Abin da ke rage wuraren zaman nan a yanzu ƙanana ne, shi ya sa ba a jin ƙararsu. Maganin feshi ya sauƙaƙa noma, amma mai feshi ba ya tsayawa a kan iyaka, sai ya haɗa da ciyawar gefe inda makwarwa ke ƙwai. A bakin titin Daura da na Katsina gonaki na komawa fulotai, shingen aguwa na komawa bulo. Darbejiya ta yawaita, tana da inuwa da saurin girma, amma ba ta ba da kalwa, kuma matashiyar bishiya ba ta da kogo.

Lokacin da tsohuwar bishiya ta fi shiga haɗari shi ne ranar rabon gado. Gonar da uba ya noma shi kaɗai za a ja mata igiya a raba wa 'ya'ya, sai ɗorawa ta faɗo a rabon mutum ɗaya, inuwarta kuma ta faɗa kan 'yar kadadar ƙaninsa. Ga mai injin yanka katako yana zagaye da kuɗi a hannu, kuɗi kuwa sun fi bishiya sauƙin rabawa. A wasu gidajen nan take ake sallamawa, kafin la'asar abin da ya shekara sittin yana tsaye ya zama gungume. A wasu kuma akan sami wata gwaggo ta ce, "Yaya, wannan Baba ya tarar da ita, ba shi ya shuka ba. A bar ta." Sai a cire ta daga rabo, ta zama ta gida duka. Duk shekara idan ɗorawa ta nuna, matan gidan su haɗu su kaɗe, a auna kalwa da kwano, a aika wa waɗanda ke aure a wasu garuruwa nasu kason.