Darasi na 12: A Yi wa Mai Bikin Masauki

Karatu: Luka 2:1-24, Nehemiya 8:9-12
Ayar haddacewa: Luka 2:11

Ga hunturu ya shigo, an gama girbi, dawa ta shiga rumbu. Waɗansunmu da neman abinci ya kai su Ikko da Ibadan da Fatakwal suna ɗaure kaya domin su yi Kirsimeti a gida. Mata suna gyaran ɗakuna, teloli ba su barci, akuya kuwa tana ɗaure a turke. Shiri abu ne mai kyau, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ya kamata mu tambayi kanmu, wa muke yi wa wannan shiri? Yana yiwuwa a ci, a sha, a watse, Mai bikin kuwa bai sami wuri a gidan ba.

1. Gidan da ya cika

Luka ya gaya mana umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas ne ya ta da Yusufu da Maryamu daga Nazarat ta Galili zuwa Baitalami ta Yahudiya, tafiyar kwanaki. A aya ta 7 mun ji aka kwantar da jaririn a komin dabbobi saboda rashin wuri. Kalmar Helenanci da Luka ya mora a nan, watau kataluma, ita ce ya sāke mora a 22:11 domin ɗakin baƙi inda Yesu ya ci Jibin Ƙetarewa da almajiransa. Amma sa'ad da ya yi zancen masaukin da ake biyan kuɗi, cikin misalin Basamariye (10:34), wata kalma dabam ya mora. Domin wannan masana da yawa suna gani ɗakin baƙi ne na gidan dangi, wanda waɗansu baƙi suka riga suka cika.

Mu lura fa, Luka bai ce an kore su da ƙiyayya ba. Wuri ne kawai ya ƙare. Haka yakan zama da mu. Ba mu ƙi Almasihu da baki ba, amma ɗinki da girki da gaishe-gaishe sun cika ɗakin, har babu sauran wurin addu'a.

2. Biki gwargwadon ƙarfi

Sa'ad da kwanakin tsarkakewa suka cika, Yusufu da Maryamu suka kai hadayar tsuntsaye biyu a Haikali (Luka 2:24). Bisa ga Littafin Firistoci 12:6-8, ɗan rago ne shari'a ta nema, tsuntsaye biyu kuwa rangwame ne domin wadda hannunta bai kai ba. Ashe gidan da Allah ya zaɓa wa Ɗansa gidan talaka ne. Ba su ci bashi sun sayi rago domin idon mutane ba, Allah kuwa ya karɓi abin da suka kawo.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar Yesu ba, bai kuwa umarta a yi mata biki ba. Shaida mafi daɗewa ta kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Roma take, ta shekara ta 336. Al'ada ce mai kyau ta ikilisiya, amma ba doka ba ce da ta ɗora wa kowa sabon ɗinki ko yanka. Maigidan da ya buɗe rumbu a Disamba ya sayar da hatsi domin kada a raina shi, shi ne zai sunkuyar da kai a Janairu sa'ad da aka nemi kuɗin makaranta, iyalinsa kuma za su sha yunwa a tsakiyar damina. Wanda kuma ya kwana a gidan burukutu da sunan murnar haihuwar Mai Ceto, ya ba maƙwabta dalilin yi wa sunan nan ba'a. Tsohuwar riga wankakkiya ta fi sabuwa wadda mai bashi yake bin sawunta.

3. Rabon wanda ba a shirya masa ba

A zamanin Nehemiya, jama'a suka yi kuka sa'ad da suka ji Ezra yana karanta Shari'a. Sai aka hana su makoki, aka sallame su su ci su sha, amma da sharaɗi, watau su aika wa marasa abinci da rabonsu. Allah ba ya ƙyashin murnarmu. Abin da ya nema shi ne kada ta tsaya a bakin zaurenmu.

Saboda haka kafin a ɗora tukunya, bari maigida da uwargida su ƙidaya kwanonin da za su fita waje: na gwauruwa, na maraya, na baƙon da ba shi da kuɗin motar zuwa garinsu, na wanda tashin hankali ya raba shi da gidansa, da na maƙwabtanmu Musulmi waɗanda sukan tuna da mu ranar Salla. In abincin kaɗan ne, a kai da fara'a, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Akwai kuma waɗanda mukan manta da su cikin gidan kansa. Shekara da shekaru mata da yawa ba su ji wa'azin Kirsimeti ba, domin suna bakin murhu. Ubangiji da ya yabi Maryamu ta Betanya saboda zamanta tana jin maganarsa (Luka 10:38-42), ba ya so a bar Marta da aiki ita kaɗai har kullum. Bari maza da samari su kawo itace da ruwa, a yi niƙa tun jajibere, domin gida duka ya tafi sujada tare.

In kuwa akwai wa da ƙane da ba su gaisawa saboda iyakar gona ko gādo, kada su zauna a tabarma ɗaya da zuciya biyu. Matiyu 5:23-24 ya koya mana sulhu ya riga baiko. Wanda ya fi sanin Ubangiji, shi ya fara tashi ya je.

A daren 24 ga wata, bari kowane gida ya taru, a sa yaro mai karatu ya karanta Luka 2:1-20, a yi waƙa, a yi addu'a, kana a kwanta.

Tambayoyi

1. Mene ne ya fi cika gidanka a makon Kirsimeti?
2. Me hadayar Yusufu da Maryamu ta koya mana game da bashi?
3. Faɗi gida ɗaya da za ka kai wa abinci bana.
4. Ƙaƙa za mu raba aiki domin mata su sami zuwa sujada?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin kyautar Ɗanka. Ka gafarta mana yadda muka cika gidajenmu da hidima muka bar shi a waje. Ka tsare mu daga alfarma da bashi, ka buɗe hannuwanmu ga marasa abinci, ka sulhunta mu da 'yan'uwanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.