Hukuncin Wanda Aka Kama Da Giya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tun da Jihar Zamfara ta fara aiki da dokar Shari'a a shekarar 2000, mutane da yawa suna zaton duk Musulmin da aka kama da kwalbar giya bulala tamanin ce hukuncinsa. Lalle wannan kuskure ne.

Haramcin giya ya tabbata a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Haddi kuwa na wanda ya sha ne. Sayyidina Abubakar ya yi bulala arba'in, Sayyidina Umar ya mai da ita tamanin bayan ya shawarci sahabbai, kuma a kan haka mazhabar Imamu Malik ta tsaya. Ba a tsai da haddin sai da iƙirarin mai laifi, ko shaidar adilai biyu waɗanda suka ga ya sha, ko suka ji warinta a bakinsa.

Amma mai ɗauka da mai ajiya da mai sayarwa, ko da yake Hadisi ya la'anci mai ɗauka da mai sayarwa, hukuncinsu ta'aziri ne, gwargwadon abin da doka ta ba alƙali iko. Ita kuwa giyar, zubar da ita ake yi, kamar yadda aka kwararar da ita a titunan Madina ranar da haramcin ya sauka.